Rigar Mai Fito

Tanimu, matso nan kusa, ɗana. Na ji gobe za ka asibiti, kuma ina ganin yadda kake soshe-soshe ta cikin riga kana zaton idona ya mutu. Ba sai ka ce komai ba. Bari in buga maka misali, in ya so ka tafi da shi.

An yi wani mai fito a bakin wani gulbi, ƙaƙƙarfa ne, a tuɓe yake tuƙa jirginsa, rana tana dukan bayansa yana waƙa. Wata rana sai jan tabo mai farin ɓawo ya fito masa a gwiwar hannu. Ya ce kirci ne, ya shafa man kaɗanya. Abu kamar wasa, tabo ya haye baya, ya sauka ciki, ya kama ƙauri, ya shige cikin gashin kai. Ƙaiƙayi ba hutu, in ya sosa sai jini, in ya tashi daga tabarma sai ka ce dusa aka zubar. Tsoro ya kama shi kada masu ƙetarewa su gani su ce kuturta ce, su guji jirginsa. Sai ya ɗinka riga mai dogon hannu, ya ƙulle ta har wuya, ko a ɗaka ba ya cire ta. Matarsa kuwa tana share ɓawon kowace safiya, ta kama bakinta don kada ta ba shi kunya.

Da tsakar rana, in ya sauke mutane yana komowa shi kaɗai, yakan ɗora filafili a cinya ya bar ruwa ya ja shi. Gulbi ya yi luf, haske yana rawa a kansa. Nan sai ya ga kamar ɓawon jikinsa na kifi ne, ya sulale cikin ruwa ba riga ba ƙaiƙayi. Can ƙasa kore ne, ga sanyi, ciyayi suna lilo, karfasa da tarwaɗa suna wucewa ta gefensa babu wadda ta dube shi sau biyu. Yakan ji daɗi har hawaye su zubo masa. Sai wani ya ƙwala kira daga gaɓa, ya farka ya gyara wuyan riga.

Ana nan ciwon ya soma taɓa gaɓoɓin yatsunsa, da safe sai sun daɗe kafin su yarda su damƙe filafili. Mai fito kuwa yatsunsa ne gonarsa. Dole ta sa ya je asibiti, ya tarar likitar fata mace ce, sa'ar 'yarsa. Ina shi ina tuɓe riga gabanta? Ya ɗan naɗe hannun riga, ya nuna mata tabo ɗaya a wuyan hannu. Ta tambaye shi ko akwai a wani wuri, ko gaɓoɓi suna ciwo. To, ka san halinmu, ko mutum yana kan gargara in an ce yaya jiki sai ya ce da sauƙi. Haka ya amsa mata, kamar dubiya ta zo yi masa. Ita kuma ta ba shi man shafawa daidai abin da ta gani. Wuyan hannu ya yi sumul, saura yana nan yana ci. Gogan naka ya koma gida yana cewa maganin asibiti ba shi da ƙarfi, ya shiga jiƙe-jiƙe. Damina ta zo ta wuce, ta sake zagayowa.

Ran nan, jirgi cike da mata masu zuwa kasuwa, filafili ya suɓuce masa a tsakiyar gulbi. Ruwa ya yi ta jan su, mata suna salati, sai da masunta suka tare su can gaba. Da ya koma gida matarsa ta ce, "Malam, ni fa nake share tabarmar nan. Wa kake ɓoye wa?" Ta raka shi asibiti da kanta, a gaban likitar ya cire rigar, kansa a sunkuye. Likita ta ce sunan ciwon soriyasis, ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarsa ko da a kwano ɗaya ake ci. Ba ya barin jiki ɗungurungum, amma ana kwantar da shi. Wanda ya mamaye jiki haka kuwa shafawa kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ƙwayoyi ko allura, da shiga ɗakin haske na musamman. Aka sa shi a kan magani. Matarsa ta riƙa shafa masa mai a baya inda hannunsa ba ya kaiwa. A bencin jira ya tarar da masu irin ciwonsa, wani malamin makaranta da wata mai awara, suka riƙa yi wa juna tsiya da ba juna haƙuri, har ya fara dariya.

Sannu a hankali ɓawo ya kaɗe, fata ta kwanta, ya koma wanka a gulbi ido na ganin ido. Amma yatsunsa uku na dama sun riga sun lanƙwashe. Likita ta riƙe su a hannunta ta ce, "Baba, fata tana komowa, gaɓa in ta lalace ba ta komowa. Da ka nuna mini tun zuwan farko, da mun tare shi." Yanzu ƙanensa ne yake tuƙa jirgin, shi yana zaune a goshin jirgi da jiki sumul, yana nuna masa hanya da hannun da ba ya iya riƙe filafili. Wallahi duk sanda na tuna shi sai tausayi ya kama ni.

Abin da Bahaushe yake nufi ke nan da ya ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.