Abin da Auta Ya Goge

Auta ya gama sakandare ya zauna a gida har kujerar falo ta gaji da shi. Ranar da ya ce kwamfuta zai koya, babu wanda ya kai Yaya murna, babbar yayarsa da ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta mai hoto ne, kuma ya daɗe yana neman wanda zai riƙa duba masa kwamfutar shago.

Wuri biyu suka gani. Na farko a lungu yake, ɗaki mai zafi, kowane ɗalibi da kwamfuta a gabansa, wasu ma an buɗe cikinsu, kuma karatun yana da tsawo. Na biyu bene ne mai gilashi a bakin titi, da ƙaton allon talla mai cewa a zo a zama injiniya cikin ƙanƙanin lokaci.

"Wancan ai garejin kanikawa ne," in ji Auta. "Benen nan zan shiga."

"To ka leƙa ajin tukuna," in ji Yaya. "Ka nemi waɗanda suka gama, ka ji ina suke aiki."

"Haba Yaya, ke me kika sani a kwamfuta? Wayarki ma ni nake saita miki."

Ta dube shi ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Injiniya." Gatse ta yi masa, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Mai karatu, da Auta ya leƙa ajin nan, da ya ga abin takaici. Kwamfuta ɗaya ce tal, tsohuwa, ba komai a cikinta. Mai makarantar, wanda ya sa ake kiransa Darakta, shi kaɗai ke taɓa ta. Ɗalibai suna tsaye a bayansa suna kallon ƙeyarsa, yana ta zuba Turanci. Duk lokacin da ta cije, maganinsa ɗaya ne.

"Ƙaramar matsala ce," zai ce. "A goge komai, a zuba mata sabo."

Sai ya soka filashi, ɗan ma'ajin da ke ɗauke da manhajar, ya yi ta danna "eh" ba tare da ya karanta abin da allon ya rubuto ba. Kwamfuta ta tashi garau, a tafa masa.

Wata ɗaliba ta taɓa tambaya, "Malam, in akwai kayan mutane a ciki fa?"

"Koyo kika zo yi ko koya mini?" ya daka mata tsawa. Aji ya kwashe da dariya, kuma muryar Auta ta fi ta kowa.

Aka gama kwas. Auta ya dawo da satifiket mai tambarin ruwan zinariya da hotonsa cikin rigar yaye ɗalibai, ya rataye su a falon Yaya, yana hura hanci.

Wata safiya mai hoto zai fita aiki ya ce masa, "Injiniya, kwamfutar nan ta yi nauyi. Duba mini ita."

Karon farko ke nan da Auta ya zauna shi kaɗai a gaban kwamfuta da sunan gyara. Ya yi abin da ya iya. Allon ya yi masa gargaɗi cewa duk abin da ke ciki zai salwanta, ya danna "eh" yadda ya ga ana yi. Kwamfuta ta koma sauri kamar sabuwa. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana jiran yabo.

Da rana mai hoto ya dawo tare da wata mata. Kwanakin baya ya ɗauki mahaifinta hoto a tsakiyar 'ya'ya da jikoki, kuma tsohon ya rasu kafin a wanke. Hoton ta zo karɓa.

Mai hoto ya buɗe, ya ga wayam. Ya sake dubawa. Shi kuwa al'adarsa da ya juye hotuna a kwamfuta sai ya share katin kyamara don aiki na gaba.

"Ina hotunan mutane?"

"Na goge, na zuba sabo," in ji Auta. "Ka ga saurinta kuwa?"

"Ka goge? Kai wane irin dabba ne!"

Matar ba ta yi zagi ba. Ta zauna a bakin benci ta ce, "Shi ke nan hoton da muke da shi tare da Baba," ta fashe da kuka.

An kai kwamfutar wurin masu gyara, abin da suka ceto bai taka kara ya karya ba. Masu hotunan aure da na gama makaranta suka yi ta sintiri suna zazzaga wa mai hoto rashin mutunci a ƙofar shago. Labari ya bazu, masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa.

Auta ya garzaya benen. Darakta ko kallon kirki bai yi masa ba. "Ni na aike ka? Fitar mini daga ofis." Ya fito ya ratsa layin sababbin ɗalibai masu jiran rajista.

A gida ya tarar mai hoto ya rantse ba zai ƙara kwana gida ɗaya da shi ba. Jakar Auta na bakin ƙofa. Yaya ta sauko da hotonsa na rigar yaye daga bango, idanunta jajur, ta miƙa masa.

"Ungo, Injiniya. Wannan kaɗai ne ba ka goge ba."

Jama'a, kafin ku zaɓi wurin koyon kwamfuta, ku shiga ajin da ƙafarku, ku ga ko hannun ɗalibi yana taɓa na'ura, ku ji daga bakin waɗanda suka gama. Wanda aka ba takarda ba a ba shi ilimi ba, a kan amanar mutane zai koyi kuskurensa, kuma na kusa da shi zai fara cutarwa.