Tarin da Take Yi a Tsakiyar Addu'a

Da aka tura mijinta ɗakin tiyata aka rufe ƙofa, sai ta nufi wurin jira. Ta zube a kan benci, hannuwanta na rawa kamar an tsamo ta daga ruwan sanyi. Likita ya ce awa biyu. Ga shi an shiga ta huɗu, ba wanda ya leƙo. Kofin ruwan da aka miƙa mata sai zuba yake yi a hannunta.

"Mu yi addu'ar Ubangiji," in ji mahaifiyarta.

Suka fara tare. Da suka iso inda ake ce wa Allah "a yi nufinka", sai 'yar ta yi tari, ta tsallake.

Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya. "Shekara tara kina tari a wuri guda. Wannan wace irin mura ce?"

"Mama, ranar da na faɗe shi da zuciya ɗaya, ranar na rasa ɗana. Ina tsoron in sake faɗa, ya sake ɗauka."

"To, da kike riƙe da shi, kin taɓa barci mai daɗi? Duk Lahadi sau biyu nake faɗa, nawa da naki. Yesu ma da gumi ya faɗe shi. Na tsufa, 'yar nan, karɓi kayanki."

'Yar ta dubi ƙofar. Ta buɗe baki, tarin ya taso, ta haɗiye shi. Ta faɗa, ta kai har amin.

Ƙofar tana nan a rufe. Amma kofin ruwan da ke hannunta ya daina zuba.