Mai Tsada ko Mai Araha

"Malama, ki zaɓi ɗaya mana, tun hantsi kike tsaye," in ji mai shagon.

Munira ta sake jujjuya ƙananan kyamarorin biyu, ranta a jagule. Daga Maiyama ta taho kasuwar Jega neman wadda za ta riƙa ɗaukar hoton mata da ita a gidajen biki, inda maza ba sa shiga. Mai arahar megafiksel takwas ce, hotonta da ɗan dishi-dishi. Mai tsadar ashirin ce, amma za ta cinye kuɗin tunkiyar da ta sayar kaf.

"Wagga ko ƙwayar gero ba ta ɓace mata," ya ce, yana nuna mai tsadar.

Ta runtse ido ta biya.

Aikinta na farko bikin sunan jikan Hajiya Azumi ne a Andarai. Ta wanko hotuna tangaran, ta kai da murnarta. Hajiya ta kai nata kusa da ido, ta haɗe rai.

"Wagga tsohuwa fa?"

"Ke ce, Hajiya."

"Ni? Da tamojin nan duka?"

Mai jego ta ga ƙurajenta, ƙawayenta suka ga inda hoda ta ƙare a wuyansu. Ba wadda ta karɓi hoto ko ɗaya.

Washegari Munira ta koma Jega a fusace. "A canza min da mai arahar!"

"Ai wata mai hoto, Mardiyya ta Aliero, ta saye ta," in ji mai shagon. "Har ta aiko in nemo mata wata irinta. Wai mata layi suke yi, sun ce hannunta na gyara fuska."