Gurbi Shida a Akwatin Delbert

Ɗan sanda ya ajiye akwatin ƙugiyoyin kamun kifi a gaban Marlene. "Shi kaɗai muka samu a kwale-kwalen mijinki. Duba mana, ko nasa ne."

Kwana huɗu ana laluben tafkin, ba a ga gawar Delbert ba. Jiya aka binne ƙanenta Royce, wanda ruwa ya ci garin nemansa.

Marlene ta buɗe. Ƙugiyoyin nan masu faifan ƙarfe suna rataye a jere, farare gefe guda, masu ruwan ɗorawa gefe guda. Ita take goge su duk Lahadi don kada su yi tsatsa. Ta bi su da yatsa, sai ta tsaya cak.

"Lafiya, 'yar nan?" in ji surukarta Opal, mahaifiyar Delbert.

"Shida babu, Mama. Waɗanda ya fi so. A tsanake aka cire su, aka mayar da marfi." Ta dubi ɗan sandan. "Yallaɓai, ku daina nema. Wanda ruwa ke ci zai tsaya zaɓen ƙugiya? Da ƙafarsa ya gudu."

Ta juya wajen Opal. Tsohuwar ba ta yi mamaki ba, ƙasa kawai take kallo.