Hayaƙin Motar Malam Hamidu

Kafin a ga motar Malam Hamidu, hayaƙinta ake fara gani. Idan ta shigo garin Ƙofa, masu tsire sukan rufe kayansu da takarda, awaki su yi ta atishawa, mai shayi ya ɗaga kai ya ce, "To, Mudi, ga surukinka nan."

Wannan magana tana yi wa Mudi ciwo. Wata takwas ke nan da ya dawo daga Tudun Wada ya buɗe gareji a bakin titi, kuma kowa ya shaida hannunsa yana da kyau. Cikin wata takwas ɗin, shida ya yi su yana zuwa zance wurin Rumaisa, 'yar Malam Hamidu. A ce bakanike kamarsa, amma motar uban budurwarsa ita ce abin dariyar gari.

Sau biyu yana durƙusawa ya ce, "Baba, da kun kawo ta na duba." Sau biyu Malam Hamidu yana ɗaure fuska ya ce, "Lafiyarta ƙalau."

Da ya tambayi Rumaisa sana'ar mahaifinta, sai ta ce aikin lafiya yake yi a ƙauyukan Kiru, ita dai iyakar saninta ke nan. Mudi bai yi mamaki ba. Ya taɓa hango shi a Ɗansoshiya dab da magariba, yana bin lungu-lungu da motar a hankali kamar mai rakiyar amarya, mata suna ta buɗe tagogi, dattawa suna ɗaga masa hannu suna sa albarka. A ransa ya ce, mutum mai farin jini haka bai dace da wannan akwala ba.

Ran nan sai birki ya ƙi. Malam Hamidu ya gangaro da ita garejin da ƙyar, ga shi zai tafi ta'aziyya Doguwa, kwana uku. Ya miƙa makulli yana kallon Mudi cikin ido.

"Birki kawai, ɗan nan. Kada ka taɓa komai."

"To, Baba. Allah ya kiyaye hanya."

Mudi ya san halin manya: kunya ce, ba ya son a ce ya ɗora wa mai neman 'yarsa nauyi. Motar hayar da ta ɗauki Malam Hamidu ba ta gama shan kwana ba, Mudi ya buɗe bonet.

Ya tayar da inji, ya zagaya baya, ya tsuguna gaban salansa. Tun yana koyon aiki ya san hayaƙi kala uku ne, kowanne da ciwonsa. Baƙi, fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Fari mai kauri, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Shuɗi-shuɗi mai ƙauri kuwa, inji ne ke cin baƙin mai. Bai taɓa ganin motar da ta haɗa duka ukun ba sai wannan. Da ta yi tari ɗaya, sai da ya zauna daɓas a ƙasa yana share hawaye.

Ya kwance filogi, ya same su baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Matatar iska ta toshe kamar an cusa mata tsumma, da ya zaro sai ya ga ashe tsumman ne. Ruwan lagireto ya zama kamar kunun gyaɗa. Kafireta kuwa wani ya murɗe ta har ƙarshe. Mudi ya yi ta tsine wa jakin bakaniken da ya taɓa motar kafin shi, har da uwarsa da ubansa.

Washegari da asuba ya nufi Kano, ya sayo ringi da gaskit da sababbin filogi. Ya sauke kan inji, ya wanke, ya goge, ya ɗaura. Motoci huɗu ya kora a kwana biyun nan, har da ta wani Alhaji da ya rantse ba zai sake dawowa ba. Mudi bai damu ba. Tuni yake ganin kansa zaune a kan tabarma, ana raba goro.

Ranar Laraba da la'asar Malam Hamidu ya sauka daga mota, ya taho da sauri yana duba agogo. Mutanen teburin shayi suka taso don su ga yadda za a yi. Mudi ya goge hannu, ya buɗe masa ƙofa da kansa.

Murɗa makulli ɗaya, inji ya tashi, shiru kamar kyanwa tana barci. Malam Hamidu ya kalli madubi. Ya taka totur. Ya sake takawa har ƙasa. Sannan ya fito, ya zagaya baya, ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin baƙin mai, ya leƙa salansa da ido ɗaya. Har yatsa ya zura.

Babu komai. Iska ce zalla, mai ɗumi.

"Kyauta ce, Baba," in ji Mudi, kansa a sunkuye, yana ɓoye murmushi. "Yanzu ko Abuja kuka je ba wanda zai ga hayaƙi."

Wayar Malam Hamidu ta yi ƙara. Ya duba, bai ɗauka ba. Ta sake yi. Ya miƙe a hankali, ya kama Mudi a wuyan riga, ya ja shi bayan gareji inda ba mai jin su. 

"Mai unguwar Ba'awa ne yake kira, tun azahar suke jirana," ya ce cikin raɗa. "Kai ɗan banza, shekara huɗu ke nan ni ne mai kwangilar feshin maganin sauro a ƙauyuka bakwai, kuma ban taɓa sayen ko kwalba ɗaya ta magani ba!"