Wakilin da Ya Yi Shiru

Warin albasa ne ya fara tarar Alhaji Nagoggo tun kafin ya isa bakin iyakar Jibiya. Motocin 'yan ƙungiyar dillalan albasa da yake shugabanta ga su nan a jere cikin rana, buhuna sun fara tsiyayar baƙin ruwa. Wanda ya san albasa ya san ba ta da kara, in ta fara ruɓa sai ta ja 'yan uwanta.

Abin takaicin, ba wani babban abu ya tsare su ba, takarda ce. Takardun fiton kaya ta adireshin ƙungiya na intanet suke shigowa, adireshin kuwa ya ɓace ɓat tun shekaranjiya. Mai aikowa ya aiko, saƙo ya koma masa. Babu takarda, babu wucewa.

Direbobin nan da ba su iya bakinsu ba, waɗanda kan tara wa shugaba jama'a a kan jinkirin awa guda, yau ko tari babu mai yi. Kalilu direba ma, sarkin tsiya, durƙusawa ya yi ya gaishe shi, ya miƙa masa kujera.

Alhaji ya zauna, ya kakkaɓe jar ƙasar da ta maƙale a takalminsa, ya kira kamfanin da ya yi musu rajistar sunan adireshin nasu a Kano. Wata injiniya mai suna Mu'minat ta ɗauka, yarinya mai haƙuri. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Sunan ƙungiya lafiyarsa lau. Amma kowane suna yana da na'urar da aka wakilta ta nuna wa saƙo hanya, tasu kuwa tana wani shago a Jibiya, a hannun wani Uwaisu. Wakilin nan ne ya yi shiru.

Ai wannan kam Alhaji ya sani. Ya san shagon, ya san ƙaton kwaɗon da ke ƙofarsa. Kowa a garin ya san babu mai ikon buɗe shi yanzu, ko da duk albasar duniya za ta narke.

Mu'minat ta ce a da duk irin wannan matsala suna ɗaya suke ba ta, lalataccen wakilci, sai suka ga suna ta gyara abin da bai ɓaci ba. Yanzu kashi uku ne, kuma sai shugaban ƙungiya ya faɗa da bakinsa. In wakili ya yi shiru ne na ɗan lokaci, a jira mai shi. In yana amsawa ba daidai ba, mai shi ya gyara. In kuwa mai kula da shi ya bar aikin ba zai dawo ba, yau ɗin nan za su goge sunansa, su mayar da wakilcin kan tasu na'urar, kafin la'asar takardu su shigo.

“Mun yi ta kiran lambarsa tun safe, Baba, ba a ɗauka. Bari in sake gwadawa.”

Wayar da ke ɗaya aljihun Alhaji ta hau ɓari, kamar yadda ta wuni tana yi. Ya dafe ta da tafin hannu har ta gaji.

“Wanne zan rubuta, Baba?”

Kai, duniya! Mutumin da ke raba rigimar dillalai da tsawa ɗaya, yau ga zaɓi ɗaya ya gagare shi. Zuciyarsa kashi na farkon take so. A ce jinkiri ne, a jira, ina laifi? Ya ɗaga kai ya ga Kalilu yana kallon motarsa, wadda noman shekarar mutanen ƙauyensu ke ciki, ƙuda ya yanyame ta.

“Ɗiyata,” in ji Alhaji, “in kun goge sunan, ba ya komawa?”

“Ba ya komawa, Baba.”

Babu dabara, babu wanda zai faɗa a madadinsa.

“Rubuta na ukun.”

Ya kashe wayar, ya ciro ɗayar, wayar Uwaisu, ya shafa fuskarta da babban yatsa. Sannan Kalilu ya kama hannunsa suka nufi gida, inda jama'a ke jiransa a kan tabarmin makokin Uwaisu, ɗansa tilo, wanda dattawa suka kulle shagonsa sai ranar da za a raba wa marayunsa gado.