Saurayin Aro

Mamello ta yi ta wanke hannu, warin tumaki ya ƙi barin ta. Ta leƙa ƙofar makaranta. Motar garinsu, Qwaqwa, ba ta iso ba. Ta zauna, ta miƙe, ta sake komawa bakin famfo.

Yau ranar baƙi ce a makarantar likitocin dabbobi. Iyaye za su zo su ga inda 'ya'yansu ke cusa hannu cikin saniya har kafaɗa. Mamello na shekara ta huɗu, uwarta ba ta taɓa zuwa ba sai yau. Kuma uwar ba ta san da Anelisa ba, yarinyar da suke aji ɗaya, suke kwana ɗaki ɗaya, suke son juna tun shekarar farko.

Dokar ƙasarsu ba ta hana irin wannan soyayya ba. Amma doka ba ta shiga gidan kowa. Mamello ta ga 'yan ajinsu da suka faɗa wa iyayensu gaskiya, aka rufe musu ƙofa. Ita uwar nan kaɗai ta rage mata.

Ɗalibai masu son jinsinsu suna da ƙungiya, ran Alhamis suke haɗuwa a bayan bargar dawaki. Suna da al'ada. Duk wanda iyayensa za su zo, kuma bai shirya buɗe baki ba, sai a ara masa saurayi ko budurwa na yini guda. Ita Lwazi aka ba ta, wani dogo mai surutu da nasa saurayin ke sashen tiyata.

"Kwantar da hankalinki, amarya," in ji Lwazi. "Iyaye mata nawa na ruɗa a makarantar nan? Wata har hula ta saƙa min."

"Rufe min baki. In ta tambaya, a ina muka haɗu?"

"Wurin fiɗiyar jaki. Kin riƙe ƙafa, ni na riƙe zuciya."

"Ka faɗi haka a gabanta, kai ma in fiɗiye ka."

An shirya komai. Anelisa ta kwashe kayanta daga ɗaki, ta sauke hotuna daga bango, ta karɓi aikin garken tumaki don kada a gan ta.

Da hantsi motar ta iso. Uwar ta sauko, lulluɓe da bargo duk da rana. Anti Puleng na bayanta, riƙe da jakar su biyun. Anti Puleng ba 'yar'uwa ba ce. Maƙwabciya ce da ta shigo taya reno lokacin da Mamello ke jaririya, ba ta koma ba. Uban yana mahaƙar zinariya a Welkom. Sai Kirsimeti yake zuwa, ya kwana a falo saboda minshari, har Allah ya yi masa rasuwa.

Lwazi ya rusuna ya gaishe su. Ya kama hannun Mamello kamar mai riƙe igiyar bijimi. Uwar ta dubi hannun.

Aka zaga da su asibitin karnuka da wurin tatsar madara. Lwazi na ta zuba. Uwar na gyaɗa kai kawai. Shirunta ya fi faɗa tayar wa Mamello da hankali. Wurin gashin nama aka zuba musu pap, wato tuwon masara, da miya. Anti Puleng ta jawo farantin uwar, ta tsince albasar, ta mayar mata.

A nan shirin ya lalace.

Kowane ɗalibi a makarantar yana da dabbar da wani ya yar, shi ya tsinta. Ta Anelisa karya ce mai ƙafa uku, sunanta Sopo. Ba ta yarda da kowa sai mutanen ɗakinta. An ɓoye riguna, an ɓoye hotuna, ba wanda ya tuna da Sopo.

Ta ɓullo daga garke a guje, ta faɗa cinyar Mamello tana lasar haɓarta. Lwazi ya miƙa hannu don ya nuna shi ma na gida ne. Ta kai masa cizo, ta yage masa wando. Daga nan ta ruga wurin Anelisa a bakin shinge, ta dawo wurin Mamello, ta sake komawa, tana haushi, kamar mai haɗa garken da ya rabu.

Anelisa ta sunkuyar da kai.

Uwar ta ajiye farantinta, ta dubi Mamello. "Ke. Biyo ni."

Suka zaga bayan rumbun ciyawa. A ranta Mamello na jin irin ƙarar da ƙofar gidansu ke yi in an banko ta.

"Mme," in ji Mamello, yadda take kiran uwarta, "bari in yi miki bayani..."

"Tun ba a haife ki ba nake kiwo. Kare ba ya ƙarya." Uwar ta gyara bargonta. "Je ki kira yarinyar nan ta ci abinci. Tun ɗazu take leƙen mu ta bayan tumaki."

Mamello ta juya za ta tafi, uwar ta riƙo hannunta.

"Shi kuma dogon nan, ki mayar da shi inda kika aro shi, bai iya ba. Wanda ni da Puleng muka aro, shekara ashirin ya yi yana riƙe min hannu a coci duk Kirsimeti, kina ce masa baba, ko limamin cocin bai gane ba."